Babin da na cire da hannuna

Makon jiya na kammala karatu a sashen zanen gine-gine, amma har yanzu babi na huɗu na kundina bai bar raina ba.

Kundin a kan Gottfried Semper ne, Bajamushen da aka haifa a 1803, ya zama farfesa a birnin Diresdin a 1834, shi ne kuma ya zana gidan opera (gidan wasan kwaikwayo na waƙa) na birnin da aka buɗe a 1841. A littafinsa na 1851 ya ce tushen gini abu huɗu ne: murhu, rufi, shinge da dandamali. Batun shingen ne ya kama ni. A ganinsa, tun kafin a san tubali, saƙa ce ta fara raba ciki da waje: rassan da aka kitsa, tabarma, darduma. Ina karantawa sai zanar gidan kakata ta faɗo mini, wadda ake saƙawa da gamba bayan kaka. Na tafi ƙauye, na kwana uku wurin masu saƙa, na auna, na ɗau hotuna, har tsinin ciyawa ya tsattsaga mini yatsu. Shafi 18 na rubuta a kan zana, su ne babi na huɗun.

Malamin da ke duba aikina ko shafi biyu bai karanta ba. Ya ja jan biro daga sama har ƙasa, ya ce, "An ce ka yi mana Jamus, ka kwaso mana zana? Cire." Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Ranar kare kundi, dattijon da ya zo daga wata jami'a ya cire tabarau ya dube ni. "Yaro, ka karanta Semper, ba ka taɓa ganin zana a garinku ba?" Na waiwayi malamina. Yana danna waya, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce ai ya sha gaya mini aikin ba shi da zurfi. Da C na fito.

Abin da ya fi ci mini rai, ni ne na rubuta a babi na biyu yadda Semper ya shiga boren da aka yi wa gwamnati a Diresdin a Mayun 1849, ya tsara shingayen da aka tare tituna da su, ya rasa kujerarsa, ya yi gudun hijira zuwa Faris da Landan, sai a 1855 ya samu koyarwa a Zurik. Da gobara ta cinye gidan operarsa a 1869, shi ɗin aka sake nema, ɗansa Manfred ya tsaya kan ginin har aka buɗe a 1878. Duk na san wannan, amma na kasa buɗe baki in kare shafi 18.

Masu tasowa, duk gyaran da malami ya yi muku ku adana takardar mai rubutun hannunsa. Ku kuma nemi wani malamin ya karanta kafin ku yanke komai.

Babin yana nan a filas ɗina, ban taɓa ko waƙafi ba. Bayan an yanke gamba bana zan koma ƙauye, akwai awon da ban gama ba.