Namijin tantabarar Auta ya tashi

Asabar, bayan sallar isha'i.

Namijin tantabarar da muka sayo wa Auta a makon nan ya gudu yau da hantsi, kuma har yanzu bai dawo ba. Macen na nan ita kaɗai a ɗakinsu.

A gabana aka yi. Ina zaune kan tabarma a tsakar gida ina shan koko, Auta ya fito da gero a murfin kwano, ya buɗe ƙofar ɗakin kaɗan don ya zura hannu. Sai kawai na ji fat-fat-fat. Ta ƙarƙashin hammatarsa tsuntsun ya bi, ya dira kan igiyar shanya, daga nan ya haye katanga. Zaren da aka ɗaure masa fiffike da shi yana reto a gefe, ashe cikin dare ya yi ta tsinkarsa da baki har ya kwance. Ya tsaya kan zankon soron maƙwabtanmu yana juya kai, wuyan nan nasa yana sheƙin kore a rana. Auta ya watsa geron a ƙasa yana kiran sa, muryarsa na rawa. Tsuntsun bai ko dubi ƙasa ba. Ya tashi, ya kewaya saman Gwammaja, ya miƙe gabas, hazon hunturu ya rufe shi.

Kuɗin Auta ne. Asusunsa ya fasa, wanda yake zuba kuɗin yawon sallah da canjin aike tun bara, na cika masa ɗan abin da ya rage. Shi ya zaɓi namijin da kansa a kasuwa, fari mai ɗigon ja a fiffike, saboda ya ga yana kumbura wuya yana kewaya macen. Ranar mai sayarwa ya ce a fige musu dogayen gashin fiffike, domin kafin su sake tsirowa an yi mako shida ko fiye, sun riga sun saba da gida, wataƙila ma sun yi ƙwai. Auta ya rungume kejin ya ce shi ba za a fige masa tsuntsu ba, zai ji zafi. Sai aka ɗaure da zare. Yau wannan maganar ce ta tsaya masa a wuya. Abin da ya fara faɗa bayan ya daina kira shi ne, "Abba, da na bari an fige." Na ce masa tausayi ya ji, kuma ba a nadamar tausayi. Har yanzu ra'ayina ke nan. Ko gobe muka sayo wasu ya ce kada a fige, ba za a fige ba.

Mun fara zuwa wajen dattijon da ke bayan layinmu, wanda tun ina saurayi yake kiwon tantabara. Tukwane ne jere a jikin katangarsa, da kaskon ruwan kanwa a tsakiyar gida. Na gaishe shi, Auta ya durƙusa ya kasa magana, ni na yi bayani. Abin da ya burge ni, bai yi dariya ba. Ya kore garkensa sama da tafi, ya sake kiran su da fito suka sauko, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ido. Babu baƙo a ciki. Ya tambayi ina tsuntsun ya nufa, muka ce gabas. Ya tambaya ko babba ne ko ɗan shila. Da na ce babba ne, sai ya gyaɗa kai.

"Gida ya tafi, ɗana. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ɗan shila ake saye in ana son ya zauna, shi inda ya fara tashi nan ne gidansa. Babba kuwa ya riga ya san hanya."

Ya ƙara da wani abin da ban yi tunani ba. Ya ce da ƙyar in wannan macen matarsa ce ta asali. 'Yan kasuwa sukan haɗa namiji da mace a keji ɗaya su sayar, alhali kowanne daga gidansa aka kamo shi. Tantabara kuwa in ta yi aure ta yi ke nan, shi ya sa ake mata kirari da uwar alƙawari. Ƙwai biyu take yi, namiji ya kwanta a kai da rana, mace ta karɓa da dare, kwana 18 su ƙyanƙyashe, kuma dukkansu suke ciyar da 'ya'yan daga maƙoshinsu. Ya ce mai yiwuwa namijin nan ya baro mata da ƙwai a wani gida. Na ga fuskar Auta ta sauya da ya ji haka. Kukan bai tsaya ba, amma ya fara saurare.

Shi Auta ya dage mu hau Dala, wai daga can zai hango shi. Na san ba za a ga komai ba, amma muka hau. Iska mai sanyi tana kaɗawa, ƙura ta sa ko Goron Dutse dishi-dishi ake ganin sa. A ƙasa kuwa garke-garken tantabaru ne ke ta shawagi saman rufin gidaje, wannan ya tashi daga wajen Ƙofar Ruwa, wancan ya karkato daga cikin gari, kuma kowane garke da farare a cikinsa. Yaron ya yi ta nuna wannan, ya nuna wancan, har hannunsa ya gaji ya sauke. Ni abin da idona ya kama daban ne, wani shaho ne can sama yana lilo shiru. Ban nuna masa ba.

Bayan azahar muka hau adaidaita sahu zuwa kasuwa. Mai tsuntsayen ya gane mu tun daga nesa. Ya ce daga wajen Wudil aka kawo masa wannan zubin, kuma mutumin da ke kawowa ba daga gida ɗaya yake tarowa ba. Wudil kusan kilomita 40 ce daga nan. Tantabara mai lafiya ba ta cika awa guda a wannan tafiyar, wato kafin mu gama hawa Dala wataƙila ya riga ya sauka a gidansu ya sha ruwa. Mutumin ya yi alƙawarin tambaya in mai kawowa ya zo. Ya kuma ce zai rage mana kuɗi mu ɗauki wani namijin, har ya ciro ɗaya daga keji ya miƙo. Auta ya mayar da hannuwansa baya.

Wannan kalma ta "a sayo wani" ita ta fi damuna yau. Na ji ta a bakin kawunsa, na ji ta a majalisar ƙofar gida, har wani yana cewa namiji guda yana kuka a kan abin da ake soyawa. Na san ba da mugunta suke faɗa ba. Amma yaron nan ya yi watanni yana hana kansa alawa da ƙanƙara, ya tsaya kan kafinta har aka buga ɗakin, shi ya share, shi ya zuba yashi a ciki. A ce masa tsuntsu ne kawai, an gaya masa ke nan duk abin da ya yi ba komai ba ne. Mu manya muna da saurin raina baƙin cikin yaro don kawai abin da ya rasa ba shi da tsada.

Da magariba a masallaci hadisin Abu Umair ya faɗo mini. Ƙanin Anas ɗan Malik ne, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zo gidan ya gan shi cikin damuwa, ya tambayi dalili, sannan ya kira shi da alkunyarsa ya tambaye shi labarin tsuntsun. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi, kuma wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙass, ya fitar da fa'idodi 60 daga cikinsa. Mutumin da al'umma gaba ɗaya ke wuyansa ya samu lokacin tambayar yaro tsuntsunsa. Da na dawo na ba Auta labarin muna cin tuwo. Tambayar da ya yi ita ce ko shi ma Abu Umair ɗin ya yi kuka. Na ce an dai ce an gan shi yana baƙin ciki. Ya ci loma kaɗan, wadda ita ce ta farko tun safe.

Na kuma yi cigiya wajen matasan unguwa masu kiwo, na kwatanta musu kamanninsa da guntun baƙin zaren da ke fiffikensa na dama. Tantabarar da ta faɗo garken wani tsintuwa ce, tana da mai ita, ko da yake ba kowa ke kallon ta haka ba. Biyu daga cikinsu sun ce za su duba da safe lokacin da garke ke sauka cin abinci.

Macen ba ta taɓa geron ba sai da yamma. Mahaifiyar Auta ta sa mata ruwa da ɗan sukari, ta lulluɓe gefen ɗakin da buhu saboda sanyi. Dattijon ya aiko jikansa bayan magariba da saƙo biyu. Na farko, gobe da sassafe a sa ta a keji a ɗora kan rufi, in namijin yana kusa ya ji kukanta zai iya saukowa. Na biyu, kada a bar ta ita kaɗai ta daɗe, yana da wani matashin namiji da bai yi aure ba, zai ba Auta aro har a ga abin da Allah zai yi. Na gaya wa Auta. Ya yarda da na farkon, na biyun ya ce a jira mai kawowa daga Wudil ya zo tukuna. Ya roƙe ni in tashe shi tare da ni da asuba, kuma in aro tsani tun da dare. Na aro, yana jingine a zaure.