Baƙin kwandaloli a cikin ƙunshin banki

Sana'ata wanki ce amma ba irin ta gida mai haɗe da guga ba, shago gare ni a nan Bronx cikin birnin New York, injinan wanki a jere gefe ɗaya na busarwa a ɗaya gefen, mutum ya zo da kayansa ya zuba kwandala inji ya tashi. To duk harkar a kan kwata take tafiya, wato kwandalar santi 25, kuma wanda ke wannan aiki ko yana so ko ba ya so sai ya san kwandala ciki da bai tunda hannunsa na cikinta safe da yamma.

Idan injin canji, wanda ke karɓar takardar kuɗi ya ba mutum kwata, ya fara yin ƙasa banki nake zuwa in ɗauko. A ƙunshe suke bayarwa cikin takarda, kwata 40 a ƙunshi ɗaya dala 10 ke nan, kwali kuma ƙunshi 50 dala 500. Ƙunshin iri biyu ne, akwai wanda inji ya naɗe bakinsa a matse tsaf, akwai wanda mutane suka naɗe da hannu a gida suka kai banki, wani har da salatif a jiki. To wannan na biyun shi ne mai labari, don ma'aikaciyar banki ba ta da lokacin buɗe kowanne, in tsawonsa ya yi daidai shi ke nan ta karɓa.

Amurkawa da yawa sun mai da binciken ƙunshin nan abin sha'awa, mutum ya ɗauko kwali guda ya baje a tebur yana neman azurfa, abin da bai yi masa ba ya mayar. Kuma ba shirme suke ba, don kwata da santi 10 da rabin dala da aka buga daga 1964 zuwa baya kashi 90 cikin ɗari azurfa ne, rabin dala mai hoton Kennedy daga 1965 zuwa 1970 kashi 40, sai 'yar santi 5 ta lokacin yaƙin duniya mai babban harafi a saman ginin da ke bayanta, ita kashi 35. Ba sai ka karanta shekara ba ma, ka riƙe jerin a tafin hannu ka dubi gefensu, na yanzu, ban da 'yar santi 5, duk suna da jan layin tagulla a tsakiya, ta azurfa fara ce tas, in ka sake ta a kan tebur kuma ƙararta daban take, zaƙi gare ta. Ni da yarona muna yi bayan isha'i kafin mu loda injin canji. Azurfar dai ta yi wuya yanzu an riga an tsince, abin da ya fi fitowa baƙi ne, wato kwandalolin ƙasashen waje.

Ta Kanada ce kan gaba nesa ba kusa ba. Kwatarsu mai kan dabbar nan mai rassan ƙaho, ɗaya gefen Sarauniya Elizabeth, faɗinta milimita 23.88 ta Amurka kuma 24.26, ido ba zai raba ba in tana tsakiyar jeri. Amma mayen ƙarfe yana rabawa nan take, domin tun 1968 suka koma nikel daga baya kuma ƙarfe, ta Amurka kuwa ba ta kamawa, shi ya sa nake da wani ƙaton mayen ƙarfe ɗaure da igiya a jikin teburin ƙirga, in zuba kuɗi in wuce da shi a kai sai ka ji ƙas ƙas sun manne. Ta Kanadar da ta ƙi mannewa kada ka yi saurin jefar da ita, duba shekara, in 1967 ce ko ƙasa da haka to azurfa ce a hannunka, yawancinsu kashi 80.

Waɗanda suka fi ba ni aiki su ne na Panama da Ekwado. Kuɗin Panama balboa daidai yake da dala ɗaya bisa ɗaya, kwandalolinsu kuma da gangan aka yi su girman na Amurka, nauyi ɗaya ƙarfe ɗaya, har ma'aikatar buga kuɗin Amurka ta taɓa buga musu, saboda haka kwatar Panama takan shige inji lafiya lau ta yi wanki ta fito, sai wajen ƙirga ka ga mutum da hular ƙarfe a ka yana kallonka. Ekwado ta koma amfani da dala a 2000 ta buga nata ƙananan kuɗin a girman na nan. Sai na Bahamas da Bamuda da Jamhuriyar Dominika da tsibiran Karibiyan, da peso ɗaya na Filifin. Wallahi in ka zuba abin da na tara a faranti za ka iya faɗin su wane ne mazauna unguwar nan ba tare da ka leƙa titi ba, kuma abin nan yana taɓa min zuciya, don kusan kowacce wani ne ya dawo daga ganin gida da ita a aljihu ta gauraye da canjinsa bai sani ba.

Namu na gida ma suna fitowa amma ba a ƙunshi ba, dala ashirin ta sefa, wato sefa 100, ta fi kwata faɗi ba ta shiga, a matatar inji nake samunta bayan 'yan'uwa 'yan Nijar sun wanke kaya. Naira ɗaya ta 2007 mai kala biyu da na samu na ba yarona ya ajiye, don ko a gida yanzu wa zai karɓi kwandala a hannunka.

Ta ɓangaren kasuwanci kuwa asara ce, ba wata kwana-kwana. Dala 10 na biya, in biyu baƙi ne santi 50 ta tafi, banki ba ya canza kwandalar waje, takarda kawai. Wannan ma mai sauƙi ne, babbar matsalar ita ce in baƙuwa ta wuce ni ta shiga injin canji ta faɗa hannun kwastoma, ta je ta maƙale a bakin injin wanki, baiwar Allah ta riga ta zuba kaya da sabulu ga yara na jan zaninta, sai na zo da sukundireba na kwance. A 2020 da aka yi ƙarancin kwandala lokacin korona, har babban bankin ƙasa ya koma raba ta da awo, mun sha wannan sosai, don an roƙi jama'a su fito da abin da ke gida, kowa ya juye gwangwaninsa da duk abin da ke ciki.

Akwai masu cewa ai yadda ta zo haka za ta koma, ka cusa ta tsakiyar ƙunshi ka mayar banki. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan, ha'inci ne ko da santi 25 ne, kuma wanda zai ɗauki ƙunshin gobe wani mai ƙaramin shago ne irina. Kwalabe na jera a ƙarƙashin kanta kowace ƙasa da tata. Na Kanada wani direban babbar mota da ke zuwa Toronto yake saye a hannuna, na Ekwado wata kwastoma ce ke kwashewa duk sanda za ta gida tunda a can kuɗi ne cur, azurfa in ta taru in kai wa dillalin kwandala mu yi ciniki hannu da hannu yadda shari'a ta ce, ragowar tarkacen kuma a sikeli ake sayensu, ko in ba mai tafiya ya saka a ambulan ɗin tara gudummawar yara na UNICEF da ake rabawa a wasu jirage.

Shaguna da yawa sun koma kati yanzu, ni ma na sa a rabin injinan, sauran rabin na bar su a kan kwata saboda tsofaffi da sababbin zuwa da ba su buɗe asusu ba tukuna, don haka duk wanda ke da shago irin wannan yana neman inda zai kai na Kanada da suka taru masa ya kawo, direban nan yana karɓa.