"Ba na aiki," in ji ta, hannunta cikin tunkuza

Lokacin da nake haɗa kundin digirina na biyu a fannin tattalin arziki, na ɗora lissafina a kan ra'ayin da Gary Becker ya kawo a 1965, cewa lokaci ma dukiya ce da iyali ke kasaftawa. Na raba awa 24 gida uku: neman kuɗi, aikin gida da hutu. Na buga takardun tambayoyi, na nufi wani ƙauye a jihar Katsina.

Da yake ni mace ce, har tsakar gida aka shigar da ni. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, kina aiki?" Ta ce, "Ina fa, 'yar nan, zaman gida kawai nake yi." Tana faɗa tana matse mai daga tunkuza, ga goyo a baya, ga tukunya a kan murhu, 'yarta kuma na tsaye da faranti tana jiran ƙuli-ƙulin talla.

Na rasa inda zan rubuta wannan awa ɗaya. Raino ne, girki ne, sana'a ce, duk a lokaci guda. Abin da ya fi damuna, tsarin lissafin arzikin ƙasa na Majalisar Ɗinkin Duniya yana ƙirga ɗebo ruwa da itace, amma ba ya ƙirga girkin da uwa ta yi wa iyalinta da su.

Daga ranar na daina furta kalmar aiki. Na ajiye agogo, na koma bin lokutan salla: daga asuba zuwa hantsi me kika yi, daga azahar zuwa la'asar fa? Na ƙara layi na biyu don abin da take haɗawa da shi. Sannan na shigar da awannin yarinyar cikin lissafin ribar uwar, domin kowace naira da ƙafarta ta shigo gidan, kuma awannin makarantarta ne. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa, ta rubuta kan wannan ɓoyayyen cinikin matan kulle tun 1969. Na karanta, amma sai da na ga farantin nan na gane.

Kuskurena babba, da rani kaɗai na je, ban ga yadda damina ke juya yininta ba.

Ranar da zan tafi na karanta mata duk abin da ta yi jiya, tun daga hura wuta har kwantar da yara. Ta yi shiru, can ta ce in dakata maigida ya dawo daga kasuwa in sake karantawa.