Abin da kitsen da ke lulluɓe da jijiyar jini ya koya mana

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahautar Zango ta Tudun Wada ana fiddo zuciyar saniya, ya ga kitse kwance a kwarin da jijiyoyinta ke bi. An daɗe a karatun likitanci ana ɗaukar wannan kitse kamar audugar cikin matashi, har mai bincike kan kankare shi ya yar kafin ya gwada jijiya. A 1991 wasu masu bincike biyu, Soltis da Cassis, suka bar shi a jikin babbar jijiyar ɓera, sai suka ga ba ta matsewa da ƙarfi kamar wadda aka fere. Ashe abin da ake zubarwa aiki yake yi.

Lafiyayyen kitse yana fitar da sinadarai irin su adifonektin da naitirik oksaid, masu sassauta tsokar bangon jijiya, jini ya wuce salin-alin. Ɓarna takan soma ne idan teɓa ta yi yawa. Ƙwayoyin kitsen su cika su batse har iskar oksijin ta gaza isa gare su, wasu su mutu, sauran su saki sinadarin da ke kiran ƙwayoyin garkuwar jiki da ake ce wa makarofaj. Su kuwa in sun taru sai su yi ta zubo sinadarai masu haddasa kumburi da ake kira TNF da IL-6. Wannan shi ne kumburin da likitoci ke nufi, ba irin wanda ido ke gani ba. Adifonektin ya ragu, gurɓatattun sinadaran oksijin su cinye naitirik oksaid, jijiya ta daina saki. Shimfiɗar cikinta ta fara kama maiƙo da fararen ƙwayoyin jini, tsokar tsakiya ta yi kauri, hanya ta ƙuntata.

A zuciya abin ya fi muni, domin babu tantani tsakanin jijiyar da kitsen, maƙwabta ne ba katanga. Akwai wata shaida da ta fi gamsar da mu: a wasu mutane wani yanki na jijiyar zuciya kan nutse cikin tsoka, inda babu kitse, kuma da wuya a sami toshewa a wannan yanki.

Ita ma jijiyar tana mayar da martani. A 2017 masu bincike a Jami'ar Oksfod suka nuna cewa jijiya mai kumburi kan hana kitsen da ke manne da ita tara maiƙo, sai ya zama mai ruwa-ruwa, kuma hoton siti sikan yana nuna hakan. Sai dai kada a ɗauki kitsen abokin gaba. Likitocin tiyata a Suwidin sun gano cewa jijiyar ƙafa da aka ciro tare da kitsenta domin yi wa jinin zuciya sabuwar hanya ta fi daɗewa ba ta toshe ba.

A ɗakin duba marasa lafiya a Kaduna, abin da wannan ya canza mana shi ne mun daina sallamar mutum don kawai kolestarol ɗinsa bai hau ba, ko don ba shi da jiki. Siriri mai tumbi yana cikin haɗari. Tef ɗin tela ya isa farkon awo: mutum ya tsaya, a zagaya tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, bayan ya saki numfashi, ba a kan babbar riga ko zani mai ninki ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa tef inda wando ke zama, ƙasan tumbin. Namiji daga santimita 94, mace daga 80, ko ƙugun da ya kai rabin tsawon mai shi, sai a auna suga da hawan jini, a tambaya ko ana shan taba.

Da yawa kan karaya in aka ce su rage ƙiba, don suna zaton sai sun rame. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi ya isa a ga canji a suga da hawan jini: mai kilo 90 ya zubar da 4 da rabi zuwa 9. Tafiya da sauri minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, ko a Dandalin Murtala ko a layin unguwa bayan sallar asuba, a rage lemon kwalba, gishiri kada ya kai giram 5 a yini, har da wanda ke ɓoye cikin magi.