Kafin ka canja madabod ɗin kwamfutar kamfani, buɗe akwatin ka duba

Kwamfutocin tebur na kamfani da suka cika kasuwanninmu, irin su Dell OptiPlex, HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre, ƙarko gare su, na hannunsu kuma ba tsada. Amma ba a ƙera su don a riƙa canja musu madabod ba, wato babban allon da ake jona sauran sassa a kansa. Cire tsohon bod a ɗaura sabo aikin awa guda ne. Inda ake shan wuya shi ne abubuwan da ke kewaye da shi: akwati, fawa fak (na'urar da ke ba kwamfuta wuta), da wayoyin gaba.

Fara da awo. Bod ɗin da ake sayarwa a shago girmansa sananne ne: ATX milimita 305 a 244, microATX 244 a 244, Mini-ITX 170 a 170. Na kamfani kuwa sau da yawa siffarsa daban take, wani ma yana da hannu da ya miƙe har gaban akwati ɗauke da ramukan USB da maɓallin kunnawa. In ka ga haka, akwatin nan ba zai karɓi bod ɗin shago ba. Sai ka juya bayansa, wurin da ramukan sauti da na intanet suke leƙowa. In farantin wurin yana ciruwa, da sauƙi. In an zuba shi ne haɗe da jikin akwatin, sai dai yanka ƙarfe, kuma ban ba kowa wannan shawara ba.

Sai fawa fak, wanda shi ya fi kayar da mutane. Bod na yau da kullum yana shan wuta ta filogi mai fil 24, da wani mai fil 4 ko 8 na furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. OptiPlex 7010 da 9010 suna da mai fil 24 ɗin, amma daga 3020, 7020 da 9020 Dell ya koma mai fil 8 nasa na kansa. HP na amfani da mai fil 6 a da yawa, Lenovo kuma mai 14 ko 10. Irin waɗannan bolt 12 kawai suke bayarwa, bod ɗin ne ke rage wutar ya miƙa wa hadis, wato faifan ajiyar fayiloli. To sabon bod ba zai tashi da su ba. Adaftar da ake tallatawa ma akasin bukatarka take yi: tana haɗa fawa fak na shago ne da bod ɗin kamfani. Ga shi da yawansu ba su kai wat 300 ba, ba za su ɗauki katin hoto mai nauyi ba.

A nan ya kamata mutum ya tsaya ya yi lissafi. In akwati da fawa fak duk sai an saya, kusan sabuwar kwamfuta ake haɗawa. A ganina gara a sayar da tsohuwar a cike yadda take, ta fi kuɗi a kan a farke ta a bar gawa.

In awo da wuta sun yi daidai, sai a dubi furosesa. Dole soket, wato gurbin da yake zama, ya dace: LGA1150 na ƙarni na 4 na Intel ne, LGA1200 na 10 da 11, LGA1700 na 12 zuwa 14. LGA1151 shi ne mai tarko, domin ƙarni na 6 da 7 da kuma na 8 da 9 duk sunan soket ɗinsu ɗaya, amma bod ɗin wannan ba ya tayar da furosesan wancan. Mai neman Windows 11 ya sani daga ƙarni na 8 ake farawa, tare da TPM 2.0 (sashen tsaro mai ajiye mabuɗan sirri), ga shi tallafin Windows 10 ya ƙare tun 14 ga Oktoba, 2025. Ram kuma, wato ma'ajiyar wucin gadi, DDR3, DDR4 da DDR5 kowanne tsagarsa daban, ba ya shiga gurbin ɗan'uwansa. Fankar furosesa ma a duba ta, ta Dell sau da yawa fil 5 gare ta maimakon 4, kuma a jikin farantin kamfanin da ke bayan bod ake ɗaure ta.

Kafin a taɓa sukundireba, a kwafe fayiloli, sannan a dakatar da BitLocker, makullin Windows mai rufe bayanan hadis, ko a rubuta lambar cetonsa mai alƙaluma 48 a takarda. Mabuɗinsa yana cikin TPM na tsohon bod, in bod ya tafi ba lambar nan, hadis ya kulle ke nan.

A cire wayar wuta, a danne maɓallin kunnawa na wasu daƙiƙu don ragowar wutar ta fita, a ɗauki hoton kowace waya kafin a zare ta. Lokacin hunturu iska a bushe take, jiki na tara wutar da ke tsarge mutum in ya taɓa ƙofar mota. Wannan 'yar tsargar ta isa kashe ram, don haka a riƙa taɓa ƙarfen akwati kafin a ɗauki komai, a riƙe bod ta gefe.

Ƙananan ƙafafun ƙarfen da bod ke zama a kansu, a ƙirga su da ramukan sabon bod ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya da ta tsaya inda babu rami za ta taɓa ƙasan bod ta haɗa wuta. A goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da fanka tas, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a ɗaure fanka kusurwa da kishiyarta, kaɗan-kaɗan. Wayar maɓallin kunnawa in ba ta shiga ba, a nemo wayoyi biyun da ke haɗuwa idan an danna, da mitar gwada wuta, a sa su kan fil biyu masu alamar PWR SW. Su ba ruwansu da juyi, na ƙananan fitilu ne ke da gefen da ya dace.

Tashin farko a yi shi da furosesa, fanka da ram guda ɗaya kawai. In hoto ya fito sai a jona sauran. Windows na iya tsayawa da shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, galibi saboda Dell na barin SATA, hanyar jona hadis, a kan saitin RAID, sabon bod kuma yana kan saitin AHCI. A daidaita su a BIOS, wato shafin saitin bod, ko a yi sabon lodin Windows. Lasisin Windows da kamfani ya saka kuwa, tun daga Windows 8 a cikin BIOS na tsohon bod ake rubuta shi, kuma tare da shi yake tafiya. A sa kuɗin sabon lasisi cikin lissafi tun kafin a je kasuwa.