Ƙasa ba ta mantuwa

Jiya da daddare barci ya ƙi zuwa, ina ta latse-latsen waya sai na ci karo da bidiyon wani manomi a Beljiyam yana huɗa da tarakta, kawai sai garma ta tono wani ƙarfe duk ya yi tsatsa ya haɗe da laka, mutumin nan ko a jikinsa, ya sauko ya ɗauka da hannu biyu kamar jariri ya ajiye a bakin hanya ya koma bakin aikinsa. Ashe harsashin igwa ne na yaƙin duniya na ɗaya, yaƙin da aka tsagaita wutarsa tun 11 ga Nuwamba 1918. Haka suke fama duk shekara a yankin Ypres, su tara a gefen gona sojoji masu kwance bam su zo su kwashe, wasu ma har yau da iskar guba a cikinsu.

A garin ne kuma ake busa begila kullum ƙarfe 8 na dare a ƙofar Menin, inda aka rubuta sunayen sojoji sama da 54,000 da ba a taɓa samun gawarsu ba. Abin da ban tausayi, ban musa ba. Amma ni wallahi manomin nan ya fi tsaya min a rai, don shi ba taron tunawa ya je ba, babu fure babu jawabi, yaƙin ne ya biyo shi har gona.

Kuma fa ba can kaɗai ba. A 2017 sai da aka kwashe mutum kusan 60,000 daga gidajensu a birnin Frankfurt na Jamus saboda bam guda ɗaya tak da jiragen Birtaniya suka jefa a yaƙi na biyu.

Bidiyon ƙasar Laos da ke Asiya ne dai na kasa ƙarasa kallo. Daga 1964 zuwa 1973 Amurka ta zuba musu bama-bamai sama da tan miliyan 2, da yawa ba su tashi ba, ƙanana ne ba su wuce cikin tafin hannu ba, masu siffar ƙwallo. To yaro ya ga ƙwallo a cikin ciyawa me kake tsammani zai yi? Yaron da ko babansa ba a haifa ba lokacin da jirgin ya wuce.

Nan na kife wayar, barcin dai har asuba bai zo ba.