Kafin ka sauka daga kwalta

Ƙannena masu sha'awar ɗaukar Hilux ku nausa daji, ƙarfin inji ba ya tsinana komai a rairayin ƙasar Daura. Da zarar ka bar kwalta ta wajen Zango, Ɓaure ko Mai'aduwa, ka bi hanyoyin amalanke masu gangarawa iyakar Nijar, iskar tayarka ce za ta fitar da kai.

Na daɗe ban yarda da wannan ba. Nakan shiga yashi da taya cike tam, mota ta fara nutsewa, ni kuma in ƙara taka totur. Wata rana tayoyin baya suka yi ta haƙa har cikin motar ya zauna daɓas a ƙasa, ƙaurin kuloci ya cika mana hanci. Shanun wani manomi ne suka janyo mu, bayan mun jera karan gero a ƙarƙashin tayoyi.

Don haka ka rage iska tun kafin ka shiga, daga kamar 35 a geji zuwa 18 ko 20. Taya za ta baje kamar tafin raƙumi, ta hau yashi maimakon ta yanka shi. Sa fowil da wuri, wato giyar da ke sa duka tayoyi huɗu su ja, riƙe giya ta biyu, ka tafi bai ɗaya. Ban da taka birki da ƙarfi, ban da fizgar sitiyari, domin taya mai ƙarancin iska tana iya zarewa daga rim. In ka ji mota tana neman kafewa, ɗaga ƙafarka nan take, sauko ka kwashe yashin da shebur, ka koma da baya a kan sawunka. Sammako ma yana taimakawa, yashi ya fi tauri kafin rana ta gasa shi. Kuma kada ka hau kwalta sai ka mayar da iskar, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. Famfo, jarkar ruwa da safaya biyu dole ne, saboda ƙayar aduwa.

Da damina, kwarin da ka ƙetare a bushe da safe yana iya kawo ruwa da la'asar. Shiga da sanda ka gwada, domin injin da ya shaƙi ruwa bugawa yake yi.

Ka tsaya ka gaida mai gari, ka tambayi hanya, da ɗan gari akan ci gari. Kada ka ratsa shukar mutane. Yankin dajin Rugu kuwa, ta Batsari da Safana, ina roƙonku ku bar shi sai tsaro ya samu.